RA'AYINMU: Tuban Muzuru Da Tuban Zakka

A cikin 'yan shekarun nan akwai wata kalma da ta fita daga bakin masu wa'azi ta shiga bakin 'yan siyasa da jami'an tsaro da gidajen rediyo a Jihar Zamfara, watau kalmar tuba. Duk wanda yake zaune a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu ya sha jin ana maganar "tubabbun 'yan bindiga", har ta kai ga in aka ambaci kalmar a tasha ko a kasuwa sai ka ga mutane suna murmushin takaici. Wannan abu ya dame mu ƙwarai, domin tuba kalma ce da wa'azin bishara ya tsaya a kanta tun daga bakin Yahaya Maibaftisma. In ta zama abin ba'a a kasuwa, ba za a daɗe ba za ta rasa nauyinta a cikin majami'a.

Bari mu tuna wa masu karatu yadda abin ya bi. A ƙarshen shekarar 2016, zamanin Gwamna Abdul'aziz Yari, gwamnatin jiha ta yi sulhu da ƙasurgumin ɗan bindigar nan Buharin Daji. Aka yi taro, aka miƙa bindigogi, aka ɗauki hotuna. Ba a je ko'ina ba sulhun ya wargaje aka koma gidan jiya, shi kuma ya mutu a hannun wani ɗan bindiga irinsa a watan Maris 2018. Da Gwamna Bello Matawalle ya hau mulki a 2019 sai ya sake buɗe ƙofar sulhu, aka sako mutane da dama da ake tsare da su a daji, hanyoyi suka ɗan lafa na wasu watanni. A watan Yuli 2020 har aka yi shelar cewa duk ɗan bindigar da ya kawo bindiga ƙirar AK-47 za a ba shi shanu 2. Sai kuma labarin Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, cikin Jihar Katsina, a watan Disamba 2020. A watan Fabrairu 2021 aka kawo shi Gusau, ya ajiye makamai, ya yi rantsuwa a bainar jama'a cewa ya bar wannan hanya. Kafin watan Afrilu na shekarar ya ƙare ya riga ya koma daji, a can kuma aka harbe shi cikin wani faɗa tsakanin 'yan bindiga. Wata uku bai cika ba tsakanin rantsuwarsa da mutuwarsa.

Mutanen Tsafe kuwa ba sai an tuna musu da watan Yuli 2022 ba, lokacin da Sarkin 'Yandoton Daji ya naɗa wa Ado Aleru rawanin Sarkin Fulani da sunan neman zaman lafiya, alhali 'yan sandan Jihar Katsina sun riga sun sa kuɗi ga duk wanda ya taimaka aka kama shi. Ƙasa ta ɗauki surutu, gwamnati ta dakatar da sarkin. Mutanen Bunguɗu su ma suna da nasu tabon, domin a Sabon Gida da ke ƙaramar hukumarsu aka shiga gidajen kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a watan Satumba 2023 aka kwashe yara, galibinsu 'yan mata, waɗansu sai a watan Afrilu 2024 suka ga iyayensu. Gwamna Dauda Lawal, da ya karɓi mulki a 2023, ya fito fili ya ce gwamnatinsa ba za ta zauna teburin sulhu da 'yan bindiga ba.

Ba mu kawo wannan tarihi don mu yi wa kowa dariya ba. Shugaban da yake zuwa jana'iza kowane mako dole ya nemi kowace ƙofa, kuma iyalan da aka sako musu 'yan'uwa a 2019 ba za su ce sulhu bai yi musu rana ba. Abin da muke so mu duba shi ne abin da aka rasa a dukan waɗannan tarurruka na miƙa makamai. An ga gwamna, an ga kwamishinan 'yan sanda, an ga mai tuba da bindigarsa a shimfiɗe a ƙasa. Wadda ba a gani ba ita ce matar da aka kashe wa miji. Ba a ga manomin da ya sayar da gonarsa da shanun hudarsa ya biya kuɗin fansar ɗansa ba. Ba wanda ya tambayi mai tuba ina shanun da ya kora, ina kuɗin da ya karɓa, a wane rami aka binne waɗanda suka mutu a hannunsa. Hausawa sun daɗe da sa wa irin wannan suna, suka ce tuban muzuru, ana tuba kaza tana baki.

A nan ne Maganar Allah ta sha bamban da tsarin da aka bi. A cikin Littafin Fitowa sura 22, dokar da aka ba Isra'ilawa ita ce wanda ya saci sa ya yanka ko ya sayar zai biya shanu 5, wanda ya saci tunkiya kuma zai biya tumaki 4. Mai karatu ya auna da kansa: a can ɓarawon shanu ne yake biyan 5, a nan kuwa shi aka yi wa alkawarin 2. Littafin Firistoci sura 6 ya ƙara fayyace abin. Wanda ya ci amana ko ya ƙwace kayan maƙwabcinsa, sai ya mayar da kayan cif, ya ɗora kashi ɗaya cikin biyar a kai, ya kai wa mai shi, ya kuma kawo hadayarsa gaban firist. Ba a yarda mutum ya tsallake maƙwabcinsa ya je ya shirya da Allah a ɓoye ba. Shi ya sa labarin Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, wanda Luka ya rubuta a sura 19, yake da daɗin ji. Ba wanda ya tsare shi da bindiga, ba kuma wanda ya yi masa alkawarin lada. Da Yesu ya sauka a gidansa, shi da kansa ya miƙe ya yi alkawarin raba rabin dukiyarsa ga matalauta, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Bayan nan ne Ubangiji ya shaida cewa ceto ya shigo gidan. Maƙwabtanmu Musulmi ma ba baƙin wannan magana ba ne, gama malamansu suna koyar da cewa tuba daga haƙƙin wani ba ya cika sai an mayar wa mai haƙƙi abinsa ko ya yafe.

Akwai kuma wata gaskiya da ta fi wannan ɗaci, wadda masu wa'azi da yawa sukan yi saurin wucewa a kanta domin ba ta sa jama'a tafi. Gafara tana ɗauke hukuncin zunubi a gaban Allah, amma ba ta cika share sawun da zunubin ya bari a duniya ba. Sarki Dawuda ya ɗauki matar Uriya Bahitte, ya kuma shirya aka kashe mijin a bakin daga. Da annabi Natan ya fuskance shi, bai yi gardama ba, ya amsa laifinsa nan take, nan take kuma aka sanar da shi cewa Allah ya gafarta masa, ba zai mutu ba. Wannan yana cikin 2 Sama'ila sura 12. Amma a ci gaba da karatu zuwa sura 18 a ga abin da ya sami gidan. Jaririn ya mutu. Amnon ya ɓata ƙanwarsa Tamar. Absalom ya kashe Amnon, ya yi gudun hijira, ya dawo ya tayar wa mahaifinsa, har Dawuda ya fita Urushalima ba takalmi yana kuka. A ƙarshe aka kashe Absalom ɗin ma. Duk wannan ya sami mutumin da aka riga aka gafarta wa. Uriya kuma bai tashi daga kabari ba. Haka Manassa, sarkin da ya cika Urushalima da jinin marasa laifi. Littafin 2 Tarihi sura 33 ya nuna ya ƙasƙantar da kansa a Babila, Allah ya ji shi ya komo da shi gadon sarautarsa, amma 2 Sarakuna sura 24 ta nuna cewa jinin nan yana cikin dalilan da suka sa Yahuza ta faɗi, shekaru da yawa bayan Manassa ya mutu.

Mu a Zamfara muna da abin da zai sa mu gane wannan fiye da mutanen wasu wurare. A shekarar 2010 aka gano cewa gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake kawo duwatsun zinariya cikin gida ana dakawa ana niƙawa. Yara fiye da 400 suka mutu. Ba muna ɗora wa iyayen nan laifi ba ne, talakawa ne masu neman abin sa wa a baki, ba su kuwa san abin da yake cikin dutsen ba. Abin lura shi ne yadda aka yi maganin abin. Daina niƙa dutse a tsakar gida bai isa ba, domin ƙurar ta riga ta shiga ƙasa da bangon ɗaki. Likitocin ƙungiyar MSF suna da maganin da yake fitar da dalma daga jinin yaro, amma sun nuna cewa ba shi da amfani in yaron zai koma ya yi rarrafe a kan ƙasar da ta sa masa cutar. Sai da aka bi gida gida aka kankare ƙasar sama aka kwashe, aka zuba sabuwa. Garin Bagega sai a 2013 aka yi masa wannan aiki. Yaran da gubar ta riga ta taɓa wa ƙwaƙwalwa kuwa, da yawansu haka za su rayu. Mutumin da ya daina sata ko zina ko shan giya ya yi abu mai kyau, amma ƙurar tana nan a gidansa, a cikin zuciyar matarsa da 'ya'yansa da mutanen da ya cuta, kuma sai an sunkuya an kankare ta da hannu.

To, wani zai ce, in haka ne ai gara a rufe ƙofar gaba ɗaya, wanda ya faɗi ya faɗi ke nan. Mun san akwai masu wannan ra'ayi a cikinmu, musamman waɗanda aka kashe wa nasu, kuma ba ma ganin laifinsu don zafin da suke ji. Maganar hukuncin masu kisa da satar mutane tana hannun hukuma, wadda Romawa sura 13 ta ce ba a banza take riƙe da takobi ba, kuma ba aikin ikkilisiya ba ne ta roƙi a saki mai laifi ba tare da shari'a ba. Amma ikkilisiyar da ta ce ba hanyar komowa ta manta da waɗanda aka gina ta a kansu. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a daren da aka kama shi, har da rantsuwa. A bakin tekun Tibariya, kamar yadda Yahaya ya rubuta a sura 21, sau uku aka tambaye shi game da ƙaunarsa, har ransa ya ɓaci, kowace amsa kuma aka bi ta da aiki, watau kiwon garken Almasihu. Yahaya Markus ya gudu ya bar Bulus da Barnaba a Bamfiliya, abin da ya sa Bulus ya ƙi sake tafiya da shi, har manyan bayin Allah biyu suka rabu a kansa. Barnaba ne ya ɗauke shi zuwa Kubrus. Shekaru suka wuce, sai ga Bulus a kurkuku yana rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Shi kansa Bulus, da ya fara zuwa Urushalima bayan tubansa, almajirai tsoronsa suka ji, ba su gaskata shi ba, kuma ba mu ga inda aka zarge su don wannan ba. Sai da Barnaba ya tsaya masa, sai da kuma rayuwarsa ta yi shaida.

Ba sai mun tafi nesa neman misali ba. A Kaduna akwai Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa, waɗanda a ƙuruciyarsu kowane ya jagoranci matasan ɓangarensa. A rikicin 1992, wanda ya taso daga Zangon Kataf ya bazu zuwa Kaduna, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 suka haɗu, da ƙyar da jinkiri suka fara yarda da juna, suka kafa cibiyar sasanta tsakanin Musulmi da Kirista, suka yi ta shiga garuruwan da aka zub da jini suna zaunar da mutane. Hannun fasto bai tsiro ba, malamin imam bai dawo ba. Amma baiwar nan ta iya tara matasa da iya magana, wadda dā aka yi faɗa da ita, ita ce aka juya aka yi sulhu da ita. Wannan shi ne abin da muke nufi in mun ce Allah yana ba mutum zarafi na biyu.

Yanzu sai mu shigo cikin gida, domin ba 'yan bindiga ne suke karanta wannan shafi ba. Yawancin ikkilisiyoyi suna da tsarin horo. Wanda ya faɗi cikin zunubi a fili akan hana shi Jibin Ubangiji, a sauke shi daga muƙami, a wasu wuraren a ba shi kujerar baya na wasu watanni. Tsarin yana da tushe, Bulus ya umarci Korantiyawa su yi haka a wasiƙarsa ta fari, sura 5. Amma akwai cuta iri biyu da suka shiga cikinsa. Ta fari ita ce ta son kai. Yarinya ta yi ciki ba aure, cikin ya fito, a kira ta gaban dattawa, a yi sanarwa ranar Lahadi, ta zauna a baya kanta a sunkuye. Wanda ya yi mata cikin kuwa yana nan cikin ƙungiyar mawaƙa, ko kuma an lallaɓa an tura shi wurin kawunsa a Kaduna, saboda mahaifinsa ne ya sayi kwanon rufin majami'a. Ma'aji ya taɓa kuɗin baiko, ko kuɗin da aka tara don fansar wani ɗan'uwa da ke daji, sai a ce a rufe maganar kada sunan ikkilisiya ya ɓaci a gari, a canja masa kujera kawai, ba wanda ya ce ya mayar da ko kwabo. Ikkilisiyar da take yin haka ba ta da bakin sukar gwamnatin da ta karɓi bindiga ta ƙi tambayar shanu.

Cuta ta biyu ita ce horon da ba ya ƙarewa. An ce wata shida, wata shida ya cika, an karanta sunan mutum an ce an komo da shi, jama'a sun ce amin. Amma shekara goma bayan haka, in aka kawo sunansa don koyar da Makarantar Lahadi, sai wani ya yi gyaran murya, wani ya ce a dai duba wani. A takarda an yafe masa, a zuci yana nan a kujerar baya. Waɗansu kuma ba a ko tuna da su, watannin suka wuce ba dattijon da ya taka ƙafa ya je gidansu, suka gaji suka daina zuwa. Masu yin haka sun karanta wasiƙar Korantiyawa ta fari sun manta da ta biyu, inda a sura 2 Bulus ya roƙi jama'a su yafe wa wanda aka hora, su ta'azantar da shi, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. A wuri irin Zamfara, inda masu bi ba su da yawa, inda kuma a watan Nuwamba 2021 'yan sanda suka tabbatar da cewa an aiko da wasiƙar barazana ga majami'u, saurayin da ikkilisiya ta juya wa baya ba zai rasa masu karɓarsa ba, kuma mun san su wane ne suke neman samari marasa aiki masu ɗacin rai.

Dole mu faɗi wata magana a nan da babbar murya. Matar da aka sace aka tsare a daji, ta dawo da ciki ko da goyo, ba ta yi zunubi ba, zunubi aka yi mata. Ba ta bukatar horo, ba ta bukatar tsayawa gaban dattawa ta ba da bayani, ba ta kuma bukatar raɗe-raɗin Zumuntar Mata. Mijin da ya ƙi ta saboda wannan, shi ne dattawa ya kamata su kira. Haka yaron da aka haifa, ba shi da laifin kowa a kansa. Sakamakon zunubin wani ne ya faɗo a kansu, kamar yadda ya faɗo a kan Tamar, kuma aikin jama'ar Allah shi ne su taya su ɗaukar kayan.

Wannan ya kawo mu ga maganar baye-baye, wadda mutane sukan ɗauka wata magana ce dabam, alhali ɗaya ce da wadda muke yi. Bulus ya rubuta wa Afisawa, a sura 4, cewa ɓarawo ya bar sata, amma bai tsaya nan ba, ya ce ya yi aiki da hannunsa don ya sami abin da zai ba mabukata. Ma'ana, hannun da ya saba ɗauka ba a barinsa a banza, sai a koya masa bayarwa. Mai tuban da aka bar shi ba aikin yi yana kama da gonar da aka share ba a shuka ba, damina ɗaya ta isa ciyawa ta rufe ta. Ba cewa muke a mayar wa ma'ajin da ya ci kuɗi makullin akwati washegari ba. Hikima ba ta hana gafara, kuma wanda ya taɓa cin amanar yara ba a sake ba shi yara ko da ya yi kuka da hawayen jini. Amma tsakanin makullin akwati da zaman banza akwai ayyuka ɗari. Mutumin da ya iya lissafi, bayan ya biya abin da ya ci, zai iya koya wa marayu lissafi. Wanda giya ta taɓa kayar da shi ya fi kowa sanin yadda zai yi magana da saurayin da ya fara shan ƙwaya.

Sauran mu kuma, waɗanda ba a taɓa karanta sunanmu a gaban jama'a ba, kada mu yi saurin gyara zama. A misalin talanti da ke Matiyu sura 25, bawan da aka hukunta bai yi sata ba, bai yi zina ba, bai kashe kowa ba. Kuɗin ubangidansa ma ya mayar da su cif. Laifinsa shi ne ya haƙa rami ya binne abin da aka ba shi, da aka tambaye shi kuma ya ce tsoro ya ji. Wannan uzuri mun san shi sarai a wannan jiha. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta Tsafe ta sha zama abin fargaba, ƙauyuka sun watse, gonaki sun zama kufai, ma'aikata da yawa sun nemi canjin wurin aiki sun tafi. Ba wanda zai zargi mai iyali don ya yi hattara. Amma tsoro yakan fara da hana mutum tafiyar dare, ya ƙare da hana shi ƙetare titi ya gai da maƙwabcinsa. Akwai malaman makaranta a cikinmu, alhali 'ya'yan 'yan gudun hijira suna yawo a titunan Gusau ba karatu. Akwai ma'aikatan jinya da ungozomomi, akwai teloli da kafintoci da makanikai waɗanda kowane zai iya ɗaukar yaro ɗaya ya koya masa sana'a. Akwai tsofaffin mata masu baiwar zama kusa da mai makoki su yi shiru tare da shi, wadda ba ƙaramar baiwa ba ce. Jerin baye-bayen da ke Romawa sura 12 bai tsaya ga annabci da koyarwa ba, ya haɗa da hidima da ƙarfafa zuciya da bayarwa da jinƙai, waɗannan kuwa ba sa bukatar bagade ko lasifika.

Iyayenmu a cikin bangaskiya a wannan yanki da irin wannan aiki aka san su. Tun 1937 da mishan na SIM ta karɓi kula da kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano, mutanen ƙasar nan suka fara sanin bishara ta wurin wanke gyambo da ɗaure rauni, kafin su san ta ta wurin wa'azi. Da yawa daga cikin masu bishara na farko a ƙasar Hausa daga cikin majinyatan nan suka fito, mutanen da danginsu suka riga suka fid da rai da su, waɗansu ba su da cikakkun yatsun riƙe littafi. Ba a ce musu su jira sai yatsun sun dawo ba.

Don haka muna kira ga limamai da fastoci da dattawan ikkilisiyoyin Gusau da Tsafe da Bunguɗu da kewaye, ko ECWA ne ko Angilikan ko Katolika ko Baftis ko waninsu, su yi wani abu guda kafin Jibin Ubangiji mai zuwa. A ɗauko littafin da ake rubuta sunayen waɗanda aka sa wa horo, a karanta shi a zaman dattawa tun daga shafin farko. A kan kowane suna a tambaya ko akwai wanda ya cuta da ba a mayar wa haƙƙinsa ba, in akwai a tsara yadda zai biya, ko da kaɗan kaɗan ne a kowane wata, a kuma rubuta. A tambaya ko akwai abokin laifinsa da aka ɓoye saboda sunan gidansu. A tambaya yaushe rabon da wani dattijo ya shiga gidansa, a kuma naɗa mutum biyu su je cikin makon. Wanda wa'adinsa ya cika ya kuma nuna 'ya'yan tuba, kada a tashi daga zaman sai an ambaci aikin da za a danƙa masa da ranar da zai fara. Littafin yana hannun magatakarda, a fara da sunan da ya fi daɗewa a ciki.